Godiya Daga Kwamitin Sulhu Bayan Abin Da Ya Faru A Makon Jiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin kwamitin sulhu na ƙauyenmu, wanda nake riƙe wa alƙalami, ina miƙa godiya ga duk waɗanda suka tsaya tsayin daka har Allah ya kashe wutar da ta so tashi tsakaninmu da maƙwabtanmu na ruga. Da gangan na jinkirta wannan rubutu, domin na so yaron da aka ji wa rauni ya fito daga asibiti a Maraɗi tukuna, kuma jiya da la'asar ya dawo gida da ƙafarsa.

Saboda waɗanda labarin ya iske su a karkace, ga yadda abin ya kasance. Daren Talata shanu suka kauce daga burtali suka faɗa gonar wani dattijo, inda aka tara dammunan gero ba a riga an kai su rumbu ba. Ɗansa da ke kwana a gonar ya yi cacar baki da makiyayin, sanda ta shiga tsakani, aka fasa masa kai. Kafin kiran asuba saƙon murya ya zagaye WhatsApp cewa yaron ya rasu, alhali a wannan lokaci yana bayan babur ana kai shi wurin likita. Da na fito daga masallaci na tarar da samari sun cika fili da gora da adda, kuma cikinsu har da ƙanena, riƙe da galan ɗin fetur.

Babu dattijon jihar Maraɗi da zai ga wannan taro bai tuna Toda ba, can yankin Gidan Rumji, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Samarin da ke filin ba a haife su ba a lokacin. Abin da suka taso suka gani shi ne ƴan gudun hijirar da suka kwararo daga Sakkwato da Zamfara tun 2019, da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane a bakin iyaka, har ya zama duk wanda aka gani da sanda da garke ana yi masa kallon tuhuma.

Mai gari, Allah ya ja zamaninka, mun gode. Ka sa aka shimfiɗa maka tabarma a tsakiyar hanyar da ta nufi ruga, ka zauna, ka ce duk mai wucewa sai ya tsallake ka, kuma babu wanda ya iya. Malam Liman, Allah ya saka da alheri da ka bar lasifikar masallaci a kunne. Amma abin da ya karya lagon jita-jitar daga iyayenmu mata ya fito, matan asusun nan na Mata Masu Dubara. Shugabarsu ta kira mahaifiyar yaron, wadda ke tare da shi, ta miƙo salular aka kara ta a bakin lasifika, gari duka ya ji muryarsa yana cewa da sauƙi. Na ga ƙanena ya ajiye galan ɗin a ƙasa yana sunkuyar da kai.

Baba Arɗo, godiyar da ke kanmu gare ka mai nauyi ce. Da ka kwashe iyali da dabbobi ka tsere cikin dare, kamar yadda wasu suka ba ka shawara, da an ce gudun ya tabbatar da laifi. Wakilin ƙungiyar makiyaya ya kira ka ya roƙe ka ka tsaya, ka tsaya, kuma da hannunka ka miƙa wa jandarmomi yaron da ya yi dukan. Muna gode wa jandarmomin da suka iso a kan kari, da ma'aikatan gidan rediyon karkara da suka yi ta maimaita sanarwa da Hausa da Fulatanci har azahar.

Ina so in tsaya kaɗan a kan dalilin da ya sa waɗannan kiraye-kiraye suka yi aiki, domin ba a wannan dare aka ƙulla su ba. Shekaru da dama ƙungiyoyi suna zuwa mana, kowace da motarta da taron bitarta da allonta da za a kafa a bakin hanya. Ta manoma ba ta san abin da ta makiyaya ke yi ba, kuma mu ma, in za a faɗi gaskiya, kuɗin zama ne ke kai da yawanmu. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda muke kira Kofo, waɗanda daga baya aka kafa tun daga ƙauye har gunduma, sannan dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, amma a wurinmu duk wannan ya daɗe yana kwance a takarda. Sai a bazarar bana aka yarda a daina rarrabuwa. Ƙungiyar manoma da ta makiyaya da matan asusu da samari suka bi Kofo a ƙafa, aka taka burtalin nan daga mashaya har iyakar ƙauye na gaba, ana auna faɗinsa da igiya. A wurare da dama gonaki sun cinye shi har saniya biyu ba sa iya jerawa, kuma ɗaya daga cikin gonakin ta kawuna ce, wanda har yau bai gama huce fushin turken da aka kafa masa ba. A wannan tafiya aka ci tuwo da nono a kwano ɗaya, aka yi musayar lambobi. Lambobin nan ne aka kira ranar Talata.

Ranar Alhamis aka zauna a ƙofar mai gari. Mutanen Kofo, da wakilai daidai wa daida daga ɓangarorin biyu, suka je gonar suka ƙirga dammunan da aka ɓata, aka yanke diyya, aka haɗa da kuɗin magani, aka rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Dattijon ya yafe wani kaso da bakinsa, Allah ya mayar masa da mafi alheri. Maganar dukan kuwa tana hannun hukuma, kwamiti bai sa baki a cikinta ba. Ra'ayina, wanda na faɗa a zaman kuma nake maimaitawa, shi ne laifin bai tsaya a gefe ɗaya ba. Su sun matso da garke kafin hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, mu kuma mun matse musu hanya.

Akwai sauran aiki. Ruwan damina ya kayar da wasu turakun burtalin a gefen fadama, kuma daidai nan shanun suka kauce. Muna roƙon ƙungiyoyin da ke tallafa mana, in akwai abin da aka ware domin wani taron bita, a juya shi zuwa siminti da ƙarfe, mu za mu kawo yashi da ƙarfin hannu, mutanen ruga kuma sun yi alkawarin ɗebo ruwa da amalanke. Masu sauran dammuna a gona su daure su kwashe kafin ranar sakin gonaki. Kwamiti zai sake zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma Baba Arɗo ya ce zai zo da samarinsa.

Wassalam.
Magatakardan kwamitin sulhu