An fasa kofi, ko kofi ya fashe?

Duk shekara idan na shiga ajin 'yan shekarar ƙarshe na sashen Turanci a kwalejin horar da malamai inda nake koyarwa, tambayar farko da nake sha ita ce: "Malama, akwai takardun da za mu buga?" Jerin nan na adon magana suke nufi, kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa, kowanne da ma'anarsa da misali ɗaya, a haddace daren Lahadi a juye a takardar jarrabawa ranar Litinin. Iyakar abin da suka ɗauki nazarin salo ke nan. Ban ga laifinsu ba, don ni ma haka aka ɗura mini shi.

Bana sai na ce babu takarda. Na shigo da abubuwa uku a jakata: 'yar takardar nan da ake naɗewa a cikin kwalin maganin zazzaɓi, da katin ɗaurin aure da aka buga da Turanci, da shafin farko na wata jarida. Na ce duk Turanci ne, kuma babu kuskuren nahawu a ko ɗaya. To me ya sa ko an rufe maka ido aka karanta maka layi ɗaya, za ka san daga wacce aka ɗauko shi? Aji ya yi tsit. Can wani ya ce katin biki ya fi "manyan kalmomi". Na ce madalla, ƙirga mini su. Na sa wani ya ƙirga jumlolin umarni a takardar magani, wata kuma ta nemo kalmomin da aka zubar a kanun jarida don a rage tsawo. Ranar ce suka fara gane cewa salo abu ne da ake nunawa da yatsa a kan takarda, "ya yi daɗi" kawai ba ta isa amsa ba.

Amma darasin da ya fi zauna mini a rai shi ne na mako na huɗu. Ina ƙoƙarin bayyana musu abin da Michael Halliday, masanin harshe ɗan Ingila da ya rasu a 2018, ya daɗe yana nunawa: ginin jumla yana faɗa maka wa ya aikata, wa aka aikata wa, wa kuma aka sakaya. Na rubuta jumla uku a allo: "I broke the cup", "The cup was broken", "The cup broke". Na yi ta kewaye-kewaye da sunayen nahawu, ina kallon idanu suna lumshewa, ga zafi ga ba wuta. Sai wata matar aure da ke zama a baya da goyonta ta ɗaga hannu.

"Malama, ai wannan yarana ne. In na shigo na tarar da ɓarna, ƙaramar ce kaɗai take cewa na fasa kofi. Ta tsakiyar sai ta ce an fasa kofi. Babban kuwa cewa yake kofi ya fashe, kamar kofin ne ya ga dama."

Aji ya ɗauki dariya, ni kuwa na ajiye alli. Abin da na yi minti arba'in ina dambe da shi ta gama shi a numfashi ɗaya. Daga nan muka koma kan jaridar, suka shiga farautar jumlolin da aka ce "an rushe" ko "an kama" ba tare da an faɗi wanda ya yi ba, suna tambayar wa wannan sakayawar ta amfana. Ba wanda ya sake lumshe ido.

Tun daga ranar na daina jin nauyin shigo da Hausa ajin Turanci, ko da yake akwai abokan aikina da ke ganin hakan ragon azanci ne. Masanan da suka kafa ƙungiyar nazarin harshe a birnin Prag a 1926, irin su Roman Jakobson da Jan Mukařovský, sun yi bayanin yadda magana take jan hankali zuwa kanta ta hanya biyu: ko ta kauce wa abin da aka saba, ko ta maimaita gini iri ɗaya. Ɗalibina da ya tashi yana jin "kowa ya ci zomo ya ci gudu" ya san duka biyun tun yana goye. Ga "ci" sau biyu a gini ɗaya, ga kuma gudu da ba a sa shi a baki. Wanda ya iya gane habaicin kishiya daga tsakar gida ba kunne ya rasa ba. Abin da ya rasa shi ne yarda cewa kunnen nan nasa yana da aiki a Turanci ma.

Sai dai akwai inda Hausa ba ta ceto na. Ba za ka gane an kauce wa hanya da gangan ba sai ka san hanyar. Na taɓa raba musu waƙar wani Ba'amurke da ba ya fara layi da babban harafi, yana kuma watsa alamomin rubutu yadda ya so. Kusan rabin ajin suka zaro jan biro suka gyara masa. Wasu kuma, da suka ji na ce ganganci ne, sai suka maida kowane kuskurensu "salo". Wani har ya zo ofis yana neman in maido masa makin da na cire, wai shi ma kaucewa ya yi. Na ce sake rubuta mini jumlar yadda aka saba, in ka iya, makinka ne. Bai iya ba. Wannan ramin tun daga firamare aka haƙa shi, zango ɗaya ba ya cike shi, kuma ba na yaudarar kaina a kan haka.

Abin da ya sa nake nacewa shi ne sanin inda za su. Mafi yawansu da takardar NCE za su fita, su tsaya gaban yaran firamare da na ƙaramar sakandare, wasu ma har a ba su masu shirin WAEC da NECO, inda ake tambayar wasiƙa zuwa ga aboki da wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta. Bambancin waɗannan biyun ai salo ne tsantsa. Malamin da bai san haka ba abu biyu kawai ya iya rubutawa a gefen takarda, daidai ko kuskure.

A jarrabawar ƙarshen zango na ba su sanarwar da ba su taɓa gani ba, na ce su nuna mini zaɓi uku da marubucin ya yi da abin da kowanne ya haifar. An yi ta gunaguni a baranda, wai Malama ta ba da abin da ba ta koyar ba.

Watan jiya na je duba masu gwajin koyarwa a wata makaranta a bayan gari. Na tarar da mai goyon nan tana duba wasiƙun 'yan aji biyu. Wani yaro ya rubuta wa mahaifinsa yana neman kuɗin littafi, ya buɗe da jumlar nan da kowa ya gada, ta ɗauko alƙalamin zinariya daga kwandon soyayya. Na leƙa in ga ko za ta ja masa layi. Sai ta kira shi, ta ce, "Zo nan. In Baba yana zaune a zaure ka je neman kuɗi, da me kake farawa?"

Yaron ya sosa ƙeya ya ce, "Gaisuwa."

Ta miƙa masa takardar ta ce, "To je ka gaishe shi da Turanci, ka dawo."