Minsharin da ba barci ba ne

Yanzu da na bar ɗakin masu jinyar tiyata, zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa. Wani babban likita ya rubuta wa wani dattijo diyazefam don ya samu barci, alhali yana kan mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, tun fitowarsa daga tiyata. Na ce, "Ranka ya daɗe, mofin ɗin fa bai sake shi ba." A gaban ɗalibai ya ce, "Sista, rubutawa aka ɗauke ki ko bayarwa?" Kafin asuba da ƙyar aka dawo da numfashin mutumin, rahoto kuma ya ɗora laifi a kan masu aikin dare.

Abin da ya ƙi saurara ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Mofin da danginsa suna kama wasu masu karɓar saƙo da ake kira "mu" a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake tsara numfashi, sai jiki ya daina damuwa da iskar kabon da ke taruwa a jini. A ka'ida taruwarta ce ke tilasta mutum ya ja numfashi, ko ya farka. Diyazefam ta wata ƙofa yake shiga: yana ƙara wa GABA, sinadarin da ke lafar da ƙwaƙwalwa, ƙarfi, barci ya yi nauyi, tsokar maƙogwaro ta saki har a ji minshari. Ɗaya ya rage numfashi, ɗayan ya hana farkawar da za ta ceci mai shi. Tun 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haɗa su, amma wa zai gaya wa babba?

Na'urar yatsa mai auna oksijin a jini ma tana yaudara. Idan an sa wa majinyaci oksijin, lambarta na iya zama lafiya lau alhali kabon na hawa. Shi ya sa nake tsayawa in ƙirga numfashi na cikakken minti, in tashe shi in ji ko zai gama magana bai koma ba.

Naloksan, maganin da ake bayarwa idan mofin ya danne numfashi, mofin da danginsa kawai yake kwancewa, ba ruwansa da diyazefam, kuma yakan riga mofin ƙarewa, don haka ba a barin gadon. Fulumazenil, mai kwance diyazefam, na iya jawo farfaɗiya ga wanda ya saba da maganin barci. Gabafentin da firegabalin, magungunan ciwon jijiya, su ma sun samu gargaɗin numfashi a 2019. Ma'aikatan jinya, duk gardamar da kuka yi da likita kan magani, ku rubuta ta a fayil, da lokaci da sa hannu.