Harafin F Da Ya Cinye Mini Kuɗin Abincin Mako Uku

Har yau idan na buɗe littafina na sarfu, wato darasin ƙirar kalmomin Larabci, na aji biyu sai raina ya sosu. Shafi arba'in da ɗaya na rubuta a cikinsa, kuma bayan kowane shafi ya koma kamar an yayyafa masa shuni. Alƙalamin da na saya da kuɗina, ina ta murna, shi ya yi mini wannan aikin.

Larabci nake karanta a jami'a a nan Kano. Wanda ya san darasin nahawu da sarfu ya san yadda ake yi: malam na shifta, kai kana bi, lacca uku ko huɗu a rana. Biro sai an danna shi, kuma kafin azahar wuyan hannuna ya ɗau zafi, yatsata ta tsakiya har ta yi kanta. Ni kuwa da alƙalamin gamba na fara rubutu a makarantar allo, na san daɗin rubutun da tawada ke sauka da kanta ba tare da an matsa ba. Shi ya sa na ƙudura zan koma alƙalamin tawada, irin mai bakin ƙarfe.

Na san siririn baki nake bukata. Wannan ban yi kuskure a kansa ba. Rubutuna ƙanana ne, kuma ina cika gefen shafi da sharhi. Inda na faɗa rami shi ne da na ɗauka harafin F da ake bugawa a bakin alƙalami ma'auni ne guda a duk duniya, kamar yadda lita take lita ko a wane gidan mai. Na ga hoton wani alƙalami ƙirar Jamus a wajen wani mai sayar da kaya ta WhatsApp daga Legas, kyakkyawa, mai suna a duniya. Na tambaye shi ko bakin siriri ne. Ya ce, "Malam, ai ga F nan a jiki, F kuwa siriri ke nan." Akwai masu rahusa a cikin hotunan da ya turo, na roba, wasu ma ana hango cikinsu. Na tsallake su ina cewa araha ba ta ado. Na tura masa kuɗin da ya kai na abincina na mako uku, har da kuɗin mota.

Alƙalamin lafiyarsa ƙalau, wannan sai in faɗa. Ranar da ya iso na gwada shi a bayan katin ɗaurin aure, takarda mai kauri da santsi, ya tafi sumul kamar ana zuba mai. Washegari na shiga aji da shi. A nan ne ya haɗu da takardarmu ta gaskiya, littafin rubutun nan mai shafi tamanin da kowane ɗalibi ke saya a shagon bakin ƙofa, wanda idan ka ɗaga shafinsa sama kana iya hango yatsunka. Irin wannan takarda tsotsar tawada take yi kamar yashi. Layin da ya fito da kauri tun daga baki sai ya ƙara buɗewa, gefensa ya yi gashi-gashi, sannan ya ɓullo ta baya.

Da boko nake rubutawa da na haƙura, domin harafin boko ko ya yi ƙiba ana gane shi. Larabci ba ya yafe wannan. Ɗigo biyu na harafin ta'un idan suka manne sun zama ɗaya, ta'un ta koma nunun. Ƙafun ta koma fa'un. Wasalin rufu'a kuwa idan cikinta ya cike da tawada sai ta zama dunƙule, ba ka sanin ita ce ko ɗauri. A sarfu kuma duk ma'anar a wasali take. Kataba, ya rubuta. Kutiba, an rubuta. Baƙaƙen iri ɗaya ne, wasula kaɗai suka raba su. To a daidai babin fi'ilin da ba a ambaci mai aikata shi ba muke a makonnin nan, babin da babu abin da ake koyo a cikinsa sai inda wasali ya sauka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tun ranar farko na ga alama, amma na ci gaba. Na riga na kashe kuɗi, zuciyata ta ƙi yarda. Na ce hannuna ne bai saba ba. Na ce tawadar ce ta yi ruwa. Na juya bakin na riƙa rubutu da bayansa, layin ya ɗan rage kauri amma yana kartar takarda. Na sayi farar takardar kwafi mai nauyin giram 80 na riƙa ninkewa, abin ya ɗan yi sauƙi, sai dai wani kuɗin ne kuma ya fita, ga takardu warwatse a jaka. Akwai kuma wata matsala da ban taɓa tunaninta ba: mai rubutu da hannun dama idan yana tafiya daga dama zuwa hagu, gefen hannunsa kan bi ta kan abin da ya gama rubutawa yanzun nan. Layi mai kauri ba ya bushewa da wuri. Kullum nakan fito daga aji gefen tafina shuɗi, layuka kuma a goge.

Saura kwana goma sha biyu jarrabawa na zauna bita, sai na tarar ba na iya karanta rubutun kaina. Ina duban kalma, ina tuna malam ya tsaya a kanta ya ce mu kula da wasalin harafin tsakiya, amma wasalin ya narke. A daren nan ban yi barcin kirki ba.

Kawuna ne ya warware mini. Tsohon malamin firamare ne, ya yi ritaya, kuma a zamaninsu da alƙalamin tawada ake cika rajista. Na kai masa littafin da alƙalamin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bai fara duba alƙalamin ba. Shafi ɗaya ya kama tsakanin yatsu biyu ya murza, ya ɗaga shi ga haske, sannan ya ce, "Ɗana, a kan wace takarda ka gwada kafin ka biya?" Na ce, "Kawu, ban gwada ba, daga Legas aka aiko." Ya yi shiru, ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon Hero 616, ƙirar Shanghai, irin wanda bakinsa ke ɓoye cikin roba sai ɗan tsinin kawai ake gani. Ya wanke shi da ruwa, ya zuƙa masa tawada, ya miƙo mini ya ce in rubuta ta'un da nunun a jere. Ɗigo biyun suka tsaya daban-daban, kowanne a wurinsa. Na juya shafin, babu abin da ya ɓullo sai inuwa kaɗan.

Da wannan tsohon alƙalamin na sake kwafe shafi arba'in da ɗaya daga littafin wani abokina, cikin dare huɗu, a lokacin da ya kamata in kasance ina haddace awon kalmomi. Na ci jarrabawar, alhamdu lillahi, amma ba da makin da na saba samu ba, kuma na san inda makin ya tafi.

Sai bayan an yi hutu na zauna na bi diddigin abin. Ashe babu wani ma'auni guda da kamfanonin alƙalami suka yarda da shi. Kowane kamfani da F ɗinsa. Na Japan, wato Sailor da aka kafa a 1911, da Pilot a 1918, da Platinum a 1919, sukan wasa bakinsu siriri ƙwarai, domin rubutun Japanawa harafi ɗaya yakan ƙunshi zane goma ko fiye a ɗan ƙaramin fili. F ɗinsu yana kusa da milimita 0.3 zuwa 0.4. Na Turai kuwa sau da yawa yana kaiwa wajen rabin milimita, kuma da yawansu sun fi sakin tawada. A ido bambancin kamar ba komai ba ne. A kan takarda mai tsotso, shi ne tsakanin ɗigo biyu da ɗigo ɗaya. Bukatar mai rubuta Larabci da wasali ta fi kusa da ta Bajapane fiye da ta Bajamushe. Tambaya ɗaya ce da na yi ta kafin in tura kuɗi da ban shiga wannan wahala ba: F ɗin wace ƙasa?

Alƙalamin da nake amfani da shi yanzu Platinum Preppy ne, ɗaya daga cikin irin na robar nan da na raina a hoto. Wata 'yar ajinmu ce yayanta ke karatu a Malesiya, ya zo hutu da guda uku, ta sayar mini da ɗaya a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba. Wannan karon da littafina na je. Na ce, "Malama, ki yi haƙuri, sai na gwada a takardata." Na rubuta layi uku da cikakken wasali, na ƙirga biyar na shafa yatsa a kai, na juya shafin na duba baya, sannan na biya.

Abin da na so a Preppy shi ne lamba suke rubutawa a jikinsa: 02, 03, 05. Na gwada 02 ɗin, mafi siranta, da zumuɗi, ina ganin ai ƙarshen magana ke nan. Bai yi mini ba. A takardarmu mai kaushi, kuma ana tura bakin zuwa hagu, yana yin kamar allura, har yakan tsinci zaren takarda. Lamba 03 ita ce daidai: ɗigo yana fita tsaf, kuma hannu na tafiya da saurin shifta. Kada haushin baki mai kauri ya sa mutum ya gudu zuwa mafi siranta ido rufe, wannan ma sayen harafi ne ba sayen layi ba. Murfinsa kuma yana da wani ƙaramin murfi a ciki mai sifirin, wanda ke toshe bakin da kyau. A hunturun Kano, lokacin da komai ke bushewa har leɓen mutum, na bar shi mako biyu a jaka, na buɗe ya kama rubutu nan take. Jikinsa dai roba ce mara kauri, don haka a aljihun gaban riga nake sa shi, baki yana kallon sama, musamman a watan Afrilu da zafi kan kumbura iskar da ke ciki ta turo tawada.

Wani abokina Pilot Kakuno yake riƙe da shi, wanda aka zana wa fuska mai murmushi a baki domin yara aka yi shi, kuma F ɗinsa ya yi daidai da 03 ɗina. Hero irin na Kawu ma yana aiki, sai dai ba duka ke fitowa iri ɗaya ba, wani ya yi santsi wani ya yi kaushi, shi ma sai an gwada.

Maganar tawada a taƙaice. 'Yar robar da ake cusa wa alƙalami cike da tawada, ta Platinum ba ta shiga Pilot, ta Pilot ba ta shiga Platinum, kuma ni ban samu ko ɗaya a shagunan da na zaga a Sabon Gari ba. Abin da nake yi, idan robar ta ƙare sai in wanke ta in sake cika ta da sirinji daga kwalba. Da tawadar Parker Quink na fara, daga baya na koma Pelikan 4001 domin ta fi rowar sauka, abin da takarda mai tsotso ke so ke nan. Kwalba ɗaya ta kai ni zangon karatu biyu ba ta ƙare ba. Kawu ya ja mini kunne da kakkausar murya kada in kuskura in zuba tawadar allo, domin ƙaron da ke cikinta zai daskare a siririyar hanyar da tawada ke bi ya kashe alƙalamin. Haka tawadar hatimi da ta masu zane.

Na so in ceto na Jamus ɗin ta hanyar sayen wani baki mafi siranta a sauya masa. Da na tambayi kuɗin bakin kaɗai, na ji ya fi na Preppy ɗina gaba ɗayansa, sai na tsaya. Na riga na zuba masa kuɗin abinci, da kuɗin farar takarda, da dare huɗu. Na sa shi a kasuwa a cikin ɗalibai, wanda ya fi kowa tayi bai kai rabin abin da na biya ba, kuma ban iya sayar wa ɗan Larabci ɗan'uwana ba tare da na gaya masa abin da ya yi wa littafina ba. Duk wanda na nuna wa shafin nan sai ya mayar da kuɗinsa aljihu.

A ƙarshe Kawu na kai wa, ranar da na mayar masa da Hero ɗinsa. Idonsa ya yi rauni yanzu, manyan baƙaƙen boko yake rubutawa, a wani littafin lissafi mai takarda mai kauri da yake ajiye bayanan gonarsa. Ya gwada, ya ce layin ya yi masa daidai, har yana karantawa ba tabarau. Ya so ya ba ni wani abu, na ce, "Haba Kawu, ai ba za a yi haka ba." Tsohon littafin sarfun kuwa yana nan ƙarƙashin sauran littattafaina. A shafi na ashirin da bakwai akwai wata kalma da har yau ban san ko rufu'a na sa mata ko ɗauri ba.