Laraba, Gadarif (Sudan)

Tun asuba muka fita kwaso tarkunan ƙudan rairayi da muka kafa jiya da magariba. Farar takarda ce kawai aka shafe da man zurma muka soke a tsinke, wasu a gindin aduwa wasu a bakin tsagar baƙar ƙasar nan da take darewa in rani ya yi. Yanzu ne lokacinsu, Afrilu zuwa Yuni kafin ruwa ya sauka. Wani dattijo ya tsaya yana kallona ina tsince su da burushi, yace ɗana wannan ɗan mitsitsin abun kuke wahala a kai? Nace Baba ƙudan rairayi kenan, shi ke kawo cutar kala-azar. Ya yi shiru, can yace jikarsa bara kwana 17 tana shan allura, saifa ta kumbura yarinya duk ta rame sai ciki. Wallahi har muka dawo maganar na raina.

Aikin yana lab. Abu ne da bai wuce milimita 3 ba, da ido duk iri ɗaya ne, sai ka ciro shi daga alkohol ka cire kan da bakin allura ka juya shi a gilashi sannan ka duba cikin maƙogwaro a madubin likita. In ka ga haƙora jere kamar matsefi to jinsin Sergentomyia ce, yawanci jinin kadangare take sha, ba ita muke nema ba. In babu haƙoran jinsin Phlebotomus ce, daga nan sai ka duba jakar da macen ke ajiye maniyyi don gane wane iri ce, ta irin da ake kira orientalis gaɓa-gaɓa ce da ɗan dogon wuya a kai, kuma ita ce mai ɗauke da Leishmania donovani, ƙwayar cutar kala-azar, a nan yankin. Papatasi, wani irin Phlebotomus ɗin, daban, tata cutar gyambon fata ce.

Sau biyu na rubuta orientalis Dakta ya leƙa yace a'a sake dubawa, ashe papatasi ce. Na ji kunya amma gara haka, don kuskure ɗaya a takarda zai iya sa a kai feshi da gidan sauro garin da ba nan matsalar take ba, a bar na su Baban nan.

Guda 31 na gama kafin la'asar, 6 ne orientalis, duk daga gindin aduwa. Idona har yaji yake. Saura kwalba biyu, gobe in Allah ya kai mu.