Daga Hucin Barewa Zuwa Zzyzx

Tun kafin mu bar Nashville Yaya ya miƙo min wani ɗan littafi da biro, ya ce, "Riƙe wannan, ƙanina. Ni tuƙi zan yi, kai kuma aikinka karanta allunan hanya. Duk sunan da ya tsaya maka a rai, ka rubuta shi." Shekara da shekaru ya yi yana jan tirela a Amurka kafin ciwon baya ya sauke shi daga kan sitiyari. Wannan karon ƙaramar mota za mu kai wa 'yarsa da ta samu aiki a Los Angeles, tafiyar kusan mil 2,000, kuma ya ce ba zai biya kamfani ya ɗaukar masa ita ba alhali ga ni na zo hutu.

Hanyar da muka hau ita ce Interstate 40, wadda ta taso daga Wilmington a gabar gabas ta ƙare a Barstow ta jihar Kaliforniya, fiye da mil 2,500. Tana cikin manyan hanyoyin da aka fara shimfiɗawa bayan dokar gina manyan hanyoyi ta 1956 a zamanin Shugaba Eisenhower. Babu mahaɗa, babu fitilar tsayawa, babu mai talla a bakin titi. In kana son sauka sai ka jira mafita, wadda Yaya ke kira kwana, yadda muke cewa Kwanar Dangora. Kowace kwana da lambarta, kuma lambar tana nuna nisan wurin daga iyakar jihar ta yamma. Saboda haka mu da muka nufi faɗuwar rana, lambobin raguwa suke yi har su ƙare, sai sabuwar jiha ta fara nata lissafin. Allunan duk iri ɗaya ne, kore da farin rubutu. Shuɗi na gidan mai da abinci ne, mai ruwan ƙasa kuma na wuraren shaƙatawa. Da yake komai kama ɗaya yake, da zarar wani baƙon suna ya bayyana sai ya daki ido.

Ba mu cika awa guda ba na yi rubutuna na farko: kwana ta 152, Bucksnort. Rabin farko na kalmar namijin barewa ne, rabin ƙarshe kuma hucin da dabba ke yi ta hanci. Hucin Barewa ke nan. Na yi dariya har Yaya ya kunna sigina ya sauka. Abin da muka tarar bai wuce gidan mai da 'yan gine-gine ba, sai daji ta ko'ina. Dattijuwar da ke kan kanta ta ce akwai masu cewa barewar da ke cike da dajin ce ta jawo sunan, wasu kuma suna danganta shi da wani mai sayar da barasa a zamanin da, don rabin ƙarshe na kalmar yana nufin kurɓi ɗaya ma. Da muka koma mota Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ka san sau nawa na wuce allon nan? Ban taɓa sauka ba sai yau." Ya bayyana min cewa doka ba ta bar direban tirela ya wuce awa 11 yana tuƙi ba kafin ya huta, ga na'ura a mota tana lissafa masa kowane minti, ga mai kaya yana jira. Wanda ke cikin wannan hali ba ya sauka don kallon suna. Ya haddace allunan hanyar nan kamar karatun allo, amma bai san abin da ke bayansu ba.

Mun haye kogin Mississippi a Memphis muka shiga Arkansas, gonakin shinkafa shimfiɗe hagu da dama. Bayan Little Rock, kusa da Conway, sai ga Toad Suck Park. Kalma ta farko kwaɗo ce, ta biyu kuma tsotso. Labarin da mutanen wurin ke bayarwa shi ne, a zamanin jiragen ruwa masu hayaƙi, idan ruwan kogin Arkansas ya ja baya sai matuƙa su ɗaure jiragensu su jira, su yi ta tsotson kwalba a wata mashaya har su kumbura kamar kwaɗi. Abin da ya burge ni, mutanen Conway ba su ji kunyar sunan ba. Tun 1982 suke yin biki da shi a farkon watan Mayu, yara suna tseren kwaɗi, kuɗin da aka tara kuma a zuba su a karatun 'ya'yan yankin. Mun yi azahar da la'asar ƙasaru a kan ciyawa kusa da madatsar ruwan, muka sha shayin fulas da dabino, wani mai kamun kifi ya ɗaga mana hannu daga nesa.

A nan ne na ce wa Yaya Turawan nan suna da abin dariya. Sai ya ce, "To kai fa? In Bature ya bi hanyar Kano zuwa Katsina aka fassara masa Gidan Mutum Ɗaya, me zai ce? Ko Rijiyar Zaki?" Na rasa amsa. Sunan da kunnenka ya saba da shi tun kana goye ba ka jin ma'anarsa, sai baƙo ya zo ya tuna maka.

Jihar Oklahoma ce ta sauya min tunani. A kwana ta 262 na rubuta Lotawatah Road, ina ɗauka kalma ce ta harshen mutanen asali, waɗanda ake kira Indiyawan Amurka. Yaya ya ce in sake faɗinta a hankali. Ashe Turanci ne aka lanƙwasa, ma'anarsa ruwa mai yawa, saboda tafkin Eufaula da ke gefen hanya, wanda aka kammala madatsarsa a 1964. Na yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba, domin sunayen da ke kewaye da shi na gaske ne: Checotah, Okemah, da Eufaula ɗin kanta. Checotah sunan wani shugaban al'ummar Muscogee ne, Samuel Checote. Eufaula kuwa sunan tsohon garinsu ne can a gabas, wajen Alabama. Bayan dokar kora ta 1830 aka taso su da wasu al'ummomi daga ƙasar kakanninsu, aka koro su nan yamma, dubbai suka mutu a hanya saboda yunwa da sanyi da cuta. Waɗanda suka iso da rai suka raɗa wa sababbin matsugunansu sunayen garuruwan da aka raba su da su. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan gudun hijira ya sa wa rumfarsa sunan ƙauyensu zai gane wannan. Ban ji daɗin ganin sunan wasa da ke kwaikwayon harshensu a jere da waɗannan ba, kuma har yanzu in na buɗe shafin nan na littafin sai na ɗan tsaya.

Arewacin Texas da New Mexico mun wuce su da gudu. Fili ne fetal, sai injinan iska masu ba da lantarki da warin garken shanu kusa da Amarillo. Daga Oklahoma City dai hanyarmu tana bin sawun tsohuwar Route 66 ne, wadda aka buɗe a 1926 aka soke ta a 1985, kuma sau da yawa kana hango ta a gefe, siririya, ciyawa ta fasa kwaltarta.

A Arizona biro bai huta ba. Jackrabbit Road, wato hanyar zomon daji, inda wani tsohon kanti ya ajiye ƙaton gunkin zomo yara na hawa ana ɗaukarsu hoto. Sai kwana ta 230, Two Guns, Bindiga Biyu. Mil goma sha ɗaya gaba kuma kwana ta 219, Twin Arrows, Tagwayen Kibau. Yaya ya ce tun yana jan tirela yake mamakin yadda aka jera bindiga da kibiya haka kamar za a yi yaƙi.

Mun sauka a Two Guns da hantsi. Ba kowa. Kwaltar kwanar ta ƙare a kan tsakuwa, sai kangon gidan mai da aka cika bangonsa da zane-zanen fenti, sai wata tsohuwar gadar siminti a kan kwazazzabon Canyon Diablo, wanda sunansa a harshen Sifaniyanci kwazazzabon shaiɗan ne. Can gefe akwai ginin duwatsu da ya rushe rabi, ga ragowar keji a jikinsa. A shekarun 1920 wani mutum, Harry Miller, ya karɓi hayar fili a nan, ya ajiye namun daji a keji don matafiya su tsaya su biya su kalla, yana shigar mutanen asali yana kiran kansa sarkinsu. A 1926 rigima ta haɗa shi da mai filin, Earle Cundiff, ya harbe shi, kotu kuma ta sake shi. Wurin ya ci gaba da ciniki a hannun wasu har gobara ta cinye shi a 1971. Na dafa dutsen kejin, da ɗumin rana a jikinsa, iska tana shiga ta ramukan ginin tana fito. Daga inda muke tsaye muna jin rugugin tireloli a babbar hanya, ba wadda ta rage gudu. Garin ya mutu fiye da shekara hamsin, amma hukuma tana nan tana kula da allonsa, da lambarsa, kamar gobe mutane za su dawo. Yaya ya tsaya a kan gadar hannu a baya, ya ce, "Allahu akbar. Ashe haka nan yake."

Bayan Flagstaff da Williams na ƙara Devil Dog Road, hanyar karen shaiɗan, amma ba mu sauka ba, rana ta yi.

Rana ta huɗu muka iso Barstow, inda Interstate 40 ta ƙare ta faɗa cikin Interstate 15. Los Angeles tana kudu. Yaya ya juya kan mota arewa, wajen Las Vegas. Na ce, "Yaya, ai mun saki hanya." Ya ce, "Ban saki ba. Akwai wani allo da nake bin sa bashi." Barstow tana wajen kwana ta 184, inda muka nufa kuma ta 239 ce, wato kusan mil 55 cikin hamadar Mojave, sannan mu dawo. Ban yi gardama ba.

Da allon ya bayyana na ɗauka idona ne: Zzyzx Road. Haruffa biyar, babu wasali ko ɗaya da za ka dafa. Ana furta shi Zaiziks. Wannan ba shi da fassara, don ba ya nufin komai. Wani mai wa'azi a rediyo, Curtis Howe Springer, wanda ke kiran kansa likita ba tare da ya yi karatun likita ba, shi ya ƙirƙire shi a 1944, da nufin ya zama kalma ta ƙarshe a jerin kalmomin Turanci. Wurin da can Soda Springs ake kiransa, maɓuɓɓuga ce a gefen busasshen tafki, inda mutanen asali da ayarin matafiya suka daɗe suna shan ruwa. Springer ya shigar da takardun haƙar ma'adinai a kan filin gwamnati, amma maimakon haƙa sai ya gina masauki da wurin wanka da ɗakin watsa shiri, ya ɗebo marasa galihu daga titunan Los Angeles suka yi masa aikin gini. Ruwan da yake tallatawa a matsayin mai zafi daga ƙasa, tukunyar dumama ruwa ce ke zafafa shi. Yana sayar da magungunan da ya ce suna warkar da kusan komai, har da sanƙo. Irinsa ba baƙo ba ne a wurinmu, duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya ji mai lasifika yana lissafa cututtuka ya san shi. Shekara talatin ya yi a nan kafin gwamnati ta tashe shi a 1974.

Hanyar ba ta kai mil biyar ba. Ta bi gindin duwatsu, busasshen tafkin yana hagunmu fari fat kamar an baza kanwa. Ƙarshenta sai ga jerin bishiyoyin dabino da ɗan tafki mai ruwa kore, shiru kamar ba a duniya ba. Tun 1976 jami'o'in jihar Kaliforniya ke amfani da gine-ginen a matsayin cibiyar nazarin hamada. A cikin ɗan tafkin nan akwai wani ƙaramin kifi na yankin Mojave da ya kusa ƙarewa a duniya, kuma nan yana cikin 'yan wuraren da ya rage. Na durƙusa a bakin ruwan na jima kafin na hango su, ba su fi tsawon yatsa ba, suna yawo a ƙarƙashin gansakuka. Ramin da mayaudari ya haƙa don ƙawata masaukinsa, shi ne yau mafakar wannan halitta, abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

Mun yi alwala da ruwan gorarmu, muka yi salla a inuwar dabino. Bayan mun sallame Yaya bai tashi ba. Ya ce a shekarunsa na tuƙi yakan iso allon nan da tsakar dare, barci na fizgarsa, sai ya yi ta gwada furta sunan da ƙarfi shi kaɗai a cikin mota har idonsa ya washe. Ya ce sau da yawa ya yi niyyar sauka, sai ya dubi agogo ya wuce.

Ya karɓi littafin daga hannuna ya bi sunayen da yatsa tun daga Bucksnort, yana karantawa a hankali. Da ya zo ƙarshe ya ga ban rubuta na yau ba, sai ya ce, "Kawo biron, ƙanina. Wannan ni zan rubuta." Ya ɗora littafin a gwiwarsa yana ƙirga haruffan ɗaya bayan ɗaya, sannan muka tashi muka kama hanyar Barstow kafin duhu.