Daga kaset zuwa XMODEM: inda na kai a mako na uku

'Yan'uwa masu koyon tsofaffin hanyoyin ajiye bayanan kwamfuta da aika su, na yi muku alkawarin zan gwada ajiye fayil a kan kaset kamar yadda masu sha'awar ƙananan kwamfutoci suke yi a Amurka a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da na'urar faifai ta fi ƙarfin aljihun yawancinsu. Na cika alkawarin, ga kuma yadda ta kaya.

Na bi ƙa'idar Kansas City ta naɗar bayanan kwamfuta a kaset a matsayin sauti, wadda aka tsara a taron da mujallar Byte ta kira a watan Nuwamba na 1975, domin kafin nan kowane maƙeri da irin tasa hanyar, kaset ɗin da wannan na'ura ta naɗa, waccan ba za ta iya karanta shi ba. A ƙa'idar, sifili shi ne zagaye 4 na sauti mai kaɗawa sau 1200 a daƙiƙa, ɗaya kuma zagaye 8 ne na sauti mai kaɗawa sau 2400, ta yadda dukansu biyu tsawon lokacinsu ɗaya ne, bit 300, wato sifili ko ɗaya guda 300, a kowace daƙiƙa. Kowane bayit, wato bit 8 da ke ɗaukar harafi guda, ana sa masa bit ɗaya a gaba da biyu a baya, ya zama 11, saboda haka haruffa kusan 27 kawai ke wucewa a daƙiƙa. Fayil ɗina mai kilobayit 8 minti biyar cur ya ɗauka, ina zaune ina sauraron wani shewa mai kaifi da ke fita daga tsohuwar rakodar da na saya a kasuwa.

Karatun farko bai yi kyau ba ko kaɗan. Na ƙure murya fiye da kima, sautin ya dishe, sannan ƙurar hunturu ta taru a kan bakin ƙarfen da zaren yake gogawa. Da na goge shi da auduga da sifirit, na rage murya zuwa rabi, sai rubutun ya fito sarai, in ban da layi biyu a tsakiya, daidai inda zaren ya ɗan yamutse. Abin da ya fi damuna a nan shi ne kaset ba ya amsa tambaya. Yana zuba abin da ke cikinsa ne kawai, ko ya isa ko bai isa ba, kuma wanda ya aika wa abokinsa kaset ta gidan waya ba zai san ya lalace ba sai wasiƙar ƙorafi ta dawo.

Wannan ne ya sa na ƙara ganin girman aikin Ward Christensen, mutumin yankin Chicago, wanda a 1977 ya rubuta manhajar da ta zama XMODEM, wato hanyar aika fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta waya, ya kuma sake ta kyauta ga kowa. Dabararsa ita ce ya ba mai karɓa bakin magana. Ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace bayit 128, gwargwadon ma'aunin da CP/M, babbar manhajar da ke tafiyar da ƙananan kwamfutoci da yawa a lokacin, ke ajiye bayanai da shi a faifai. Kowace gunduwa tana tafe da lambarta, da kishiyar lambar domin tabbatarwa, da bayit ɗaya a ƙarshe wanda shi ne jimillar duk abin da ke ciki. Mai karɓa yana yin nasa lissafin. Idan ya yi daidai ya mayar da alamar ACK, idan ya saɓa ya mayar da NAK, a sake turo wannan gunduwar ita kaɗai. Hasali ma mai karɓa ne yake buɗe zancen, da NAK ta farko.

Na haɗa kwamfutoci biyu da waya, na rubuta ɓangaren aikawa da na karɓa, sannan da gangan na ɓata bayit ɗaya a gunduwa ta biyar. Ina kallo NAK ta bayyana a allo, gunduwar ta sake tahowa, aiki ya ci gaba, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi ƙwarai.

Abu biyu ku kula da su idan kun zo nan. Fayil mai bayit 1000 ya iso da 1024, domin gunduwar ƙarshe ana cike ta da lamba 26, wadda CP/M ke ɗauka a matsayin alamar ƙarshen rubutu. Kada ku zaci kuskurenku ne, kamar yadda na zata har na ɓata yamma guda ina bincike. Na biyun ya fi nauyi: da na musanya wuraren bayit biyu a cikin gunduwa ɗaya, jimillar ba ta canza ba, mai karɓa ya amince da ɓataccen saƙo. Wannan raunin ne ya sa daga baya aka shigo da lissafin CRC mai bit 16, wata hanyar gano kuskure da ta fi jimilla ƙarfi, inda mai karɓa ke buɗewa da harafin C maimakon NAK, kuma shi zan sa a gaba a mako mai zuwa, in Allah ya yarda.