Ƙullin sukari a kan gato: inda na kai bayan gwaji tara

Ƴan'uwana masu koyon adon gato, yau wata bakwai ke nan ina fama da ƙullin nan na sukari da ake ɗorawa a saman gato, mai kunnuwa biyu da ɗamara a tsakiya da jela biyu da ke zubowa ta gefe, kuma sai a gwaji na tara na samu wanda ya tsaya cak tun daga ɗakin girki har gidan biki. Na daɗe ina zargin hannuna, ashe yawancin laifin na yanayin garinmu ne da kuma gaggawata.

Na farko na yi shi cikin watan Agusta, domin sunan ɗiyar ƙanwata a unguwar Zariya, a nan Maradi. Fondan zalla, wato cuɗaɗɗen sukarin nan mai laushi da ake lulluɓe gato da shi, na murza, na naɗa, na ɗora da daddare, da gari ya waye na tarar kunnuwan sun kwanta kamar ganyen yakuwa da ya sha rana. Sukari yana jan laimar iska, ga shi Agusta ita ce tsakiyar damina, saboda haka maimakon ƙullin ya bushe sai ya ƙara laushi. Cikin ruɗewa na tura shi firij, abin da ya ƙarasa ɓata shi ke nan, domin da na fito da shi iska mai ɗumi ta taɓa sanyinsa ya fara zufa, jan launin ya gangaro a kan farin gato. Ƙanwata ta dube shi ta ce, "Yaya, ki cire shi kawai, baƙi ci suka zo yi, ba kallo ba."

Daga nan na koma ga garin CMC, wanda wasu ke saya da sunan Tylose. Gari ne fari da ake samarwa daga zaren tsirrai, yana sa fondan ya yi danƙo a hannu sannan ya ƙame idan ya sha iska. Ma'aunin da ya yi mini daidai shi ne rabin ƙaramin cokali a giram 250 na fondan, amma da damina sai na cika cokalin. Ina cuɗa shi sosai, in ƙulle a leda ya kwana, domin garin ba ya gama aikinsa nan take, kuma wanda ya yi amfani da shi a ranar zai ɗauka bai sa isasshe ba, ya ƙara, washegari ya tarar da dutse. Launi kuwa na daina sa na ruwa, mai kauri nake ɗiga da tsinken sakace, tunda kowane ɗigon ruwa yana ƙara lokacin bushewa.

Ga yadda nake yanka shi yanzu. Ina barbaɗa ɗan garin masara mai laushi a tebur, in murza fondan ya kai kaurin milimita 2, domin mai kauri nauyinsa ne ke danne shi, mai siriri kuma ya karye da an taɓa. Kowane kunne tsawonsa santimita 20, faɗinsa 6. Ina ninka shi biyu, in tattare bakin kamar yadda tela ke yi wa siket tattara uku, in cusa takardar goge hannu da na dunƙule a cikin ramin domin ya kumbura. A gwaji na biyar na gano abin da ya fi komai amfani, wato in tsayar da kunnen a kan gefensa ya bushe, kada in kwantar da shi a kan cikinsa, saboda idan ya kwanta sai ƙasan ya baje. Jelar ita kaɗai nake yi a ranar biki da fondan mai laushi, domin ana so ta bi jikin gato kamar ƙyalle.

Wajen manne sassan na gwada ruwa zalla, ya narkar da bakin. Yanzu ƙaro nake jiƙawa, irin na dakwara da ake samu a kasuwa, in zaɓi fari tas, in narkar a ruwan ɗumi in tace da ƙyalle mai tsabta. Yana kamawa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ɗan shafawa kaɗan da burushi ya isa.

Da hunturu ya shigo sai matsalar ta juya. A Disamba fondan ɗin yana bushewa tun yana kan tebur, kafin in gama tattare kunne ɗaya bayansa ya yi faso kamar diddigen da bai ga mai ba. Dole na rage CMC zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na cokali, na daina barbaɗa garin masara, na koma shafa ɗan farin mai na gato a tafin hannu da tebur, kuma duk abin da ban kai kansa ba ina kife shi da kwano. Ƙura ma ta ci mini ƙulli guda fari da na bari kusa da taga, ya wayi gari ruwan ƙasa. Tun daga ranar a cikin kwali nake shanya su, in rufe da mayafi mai shara-shara. Kwali yana barin iska ta ratsa, robar da ke rufewa ruf kuwa tana tara laima. Da hunturu awa 24 ta wadatar, da damina ban yarda da ƙasa da kwana uku ba, kuma ina zuba ɗanyar shinkafa a ƙasan kwalin.

Ƙulli na tara na bikin ɗiyar maƙwabciyarmu ne, a farkon Fabrairu. Na kai gato daban, ƙullin daban a cikin kwalinsa a kan cinyata, domin na san abin da gargadar hanya ke yi a bayan kabu-kabu, sai da na isa na zare takardun na manna shi. Har aka yanka gaton bayan la'asar kunnuwan suna tsaye.

Abin da ya rage mini shi ne bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma ɗumin hannu kaɗai ke narkar da fondan. Na yi niyyar in riƙa murzawa bayan sallar asuba, in gwada kunnuwa huɗu da ma'aunin CMC daban-daban a rana ɗaya, in rubuta wanda ya fara sunkuyawa.